Kwamfuta ta kunna amma allo baƙi: dan Allah a daina saurin cewa madabod ya ƙone

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da duk ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ku ɗan ba ni fili in yi magana kan wani abu da yake damuna matuƙa, wanda nasan ba kowa zai ɗauke shi da muhimmanci ba amma wallahi yana sa mutane asarar kaya masu lafiya ba gaira ba dalili.

Maganar masu haɗa kwamfutar tebur da hannunsu nake yi. Mutum ya haɗa kwamfutarsa, tana aiki lafiya lau shekara da shekaru, sai ya ga bari ya ɗan ƙara mata ƙarfi, ya sayo sabon furosesa wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ko ƙarin ram wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, ko sabon katin hoto mai tura hoto zuwa monita, ya kwance ya ɗaura ya danna maɓalli, fanka ta juya, fitilu suka kama, amma monita shiru, ko dai baƙi ƙirin ko ta rubuta babu sigina ta koma barci. To daga nan sai hankali ya tashi, kuma abu na farko da zai ji daga bakin mutane shi ne madabod, wato babban allon lantarkin da ake soka duk kayan a jikinsa, ya ƙone, ko kuma an sayar maka da kaya na bogi. Wannan hukuncin da ake yankewa cikin minti biyu ba tare da an gwada komai ba shi ne abinda nake so a daina. Kuma yanzu ne ma ya fi kamata a yi maganar, tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, shi kuma Windows 11 yana neman abin tsaro da ake kira TPM 2.0 da furosesa wanda galibi bai gaza ƙarni na 8 na Intel ba ko Ryzen 2000 na AMD, dan haka mutane da yawa da ba su taɓa buɗe akwatin kwamfuta ba yanzu dole ta sa sun fara buɗewa.

Abinda nake so mai karatu ya riƙe shi ne kwamfutar da ta ƙi nuna hoto bayan an canza mata kaya yawanci ba abinda ya ƙone a cikinta, tsayawa ta yi a wani mataki, aikinka kawai ka gano wane mataki ne. Duk lokacin da aka kunna kwamfuta, kafin ma a zo maganar Windows, akwai binciken da madabod yake yi wa kansa wanda ake kira POST, zai fara da furosesa, ya wuce ram, ya wuce katin hoto, sannan ya nemi diskin da zai tashi daga kai. In ɗaya daga cikin na farkon nan ya gaza to hoto ba zai taɓa fitowa ba ko da katin hoton lafiyarsa ƙalau, saboda ba a ma iso kansa ba tukunna. Shi ya sa kuskure ne mutum ya ga allo baƙi ya ce ai matsalar hoto ce. Juyawar fanka kuma ba ta nuna komai sai cewa wuta mai volt 12 ta iso, shikenan, fanka ba ta san ko furosesa ya tashi ko bai tashi ba.

To ta yaya za ka san inda ta tsaya? Madabod da yawa na zamanin nan suna da ƙananan fitilu guda 4 a gefen dama kusa da inda babbar wayar wuta take shiga, an rubuta CPU, DRAM, VGA da BOOT a jikinsu, wato furosesa, ram, hoto da diski. MSI suna kiran nasu EZ Debug LED, Asus kuma Q-LED, na Asus har kala daban-daban ne, ja na furosesa, rawaya na ram, fari na hoto. In ka kunna za ka ga suna kamawa ɗaya bayan ɗaya suna mutuwa, wadda ta kama ta ƙi mutuwa nan ne matsalar take. Abin takaici mutane da yawa ba su san ma amfanin fitilun ba, sun ɗauka ado ne. In madabod ɗinka ba shi da su akwai ɗan ƙaramin lasifika da ake soka shi a jikin madabod inda aka rubuta SPEAKER, a kan yawancin madabod ƙara ɗaya gajere yana nufin komai lafiya, in kuma ya yi dogo ɗaya da gajeru biyu ko uku to sau da yawa katin hoto yake nuni, amma ma'anar ƙarar tana bambanta daga kamfani zuwa kamfani dan haka littafin madabod ɗinka shi ne alƙali. Akwai kuma wata dabara mai sauƙi, ka jona kibod mai waya, ka jira kamar minti ɗaya, ka danna Caps Lock. In fitilarsa tana kamawa tana mutuwa to akwai alamar kwamfutar ta tashi, hoton ne kawai bai isa monita ba. In ko motsi ba ta yi to ta maƙale tun a farko.

In kwamfutar ta tashi hoto ne bai iso ba, abubuwan dubawa ba su da wahala, ba zan daɗe a kansu ba. A duba wayar HDMI ko DisplayPort a ina aka soka ta, domin in ka sa katin hoto dole wayar ta koma jikin katin, ramukan da suke can ƙasa a kwance, ba na jikin madabod da suke sama kusa da USB ba. A duba monita ko tana kan mashigar da ta dace. A canza waya, a gwada wani rami, a gwada da talabijin in akwai. Sai dai akwai abu biyu a nan da suke kama mutane sosai. Na farko ba kowane furosesa ne yake da hoto a cikinsa ba. Duk na Intel da sunansa ya ƙare da F, kamar i5-12400F, ba shi da shi, haka Ryzen na soket AM4 (soket shi ne gurbin da furosesa yake zama) irin su 3600 da 5600X, sai waɗanda suke da G a ƙarshe kamar 5600G. Kaga wanda yake amfani da 3200G ba tare da kati ba, ya cire ya sa 5600X yana murna ya ƙara ƙarfi, ramin HDMI na madabod ɗinsa ya zama ba ya aiki kenan gaba ɗaya, ba wai ya lalace ba, babu mai tura masa hoto ne, kati yake buƙata. Na biyu tsohuwar monita mai shuɗin kai wato VGA. Katunan Nvidia tun daga jerin GTX 10 na 2016 sun daina fitar da irin siginar da VGA take ganewa, to ɗan ƙaramin mahaɗin nan na DVI zuwa VGA da ya yi aiki a tsohon kati ba zai yi a sabo ba ko da ya shiga, sai an samu mai canza sigina na gaske wanda yake da ɗan cif a cikinsa.

Yanzu bari in zo kan ram, dan a ganina shi ne ya fi kowa jawo wannan matsala. Kafin a taɓa komai a ciki a kashe makunnin baya na fawa saflai, wato ɗan akwatin da yake raba wa kayan wuta, a zare wayar bango, a danne maɓallin kunnawa na ƴan daƙiƙu wutar da ta rage ta fita, a taɓa ƙarfen akwatin da hannu. Ram yana buƙatar a danna shi da ƙarfi fiye da yadda sabon shiga yake tsammani, sai ka ji ya yi ƙas ɓangare biyu, kuma madabod da yawa yanzu maƙalli ɗaya ne kawai yake buɗewa, ɗaya gefen a kafe yake, to wannan gefen kafaffen ne yake zama bai shige ba, da ido kamar ya zauna amma akwai ɗan tazara kaɗan, wannan ɗan tazarar ta isa ta hana kwamfuta tashi. Kuma ko ba ram ka canza ba a duba shi, hannu yana iya bugunsa lokacin da ake ɗaura abin sanyaya furosesa. In gurbi 4 ne kana da ram 2, yawancin madabod suna so a sa su a na biyu da na huɗu in ka ƙirgo daga wajen furosesa, su ne A2 da B2. Gwajin da ya fi ba da amsa shi ne a cire duka a bar ɗaya tak a A2, a kunna, in bai yi ba a canza da ɗayan, in bai yi ba a gwada wani gurbin. DDR4 da DDR5 duk ƙafafu 288 ne amma yankan da ke tsakiyarsu ba wuri ɗaya yake ba, in ka ga yana ƙin shiga kar ka tilasta masa, madabod na soket LGA1700 na Intel akwai masu DDR4 akwai masu DDR5 kuma ɗaya ba ya karɓar na ɗaya, soket AM5 na AMD kuwa DDR5 ne zalla.

Akwai wani abu game da DDR5 da nake so a sani domin rashin saninsa ya sa an mayar da kaya masu lafiya. Karon farko da aka kunna, musamman a kan AM5, madabod yana zama yana auna ram ɗin yana neman saitin da za su daidaita, kuma duk tsawon wannan lokacin allo baƙi ne, fitilar DRAM a kunne. Yana iya ɗaukar mintuna, in ram ɗin yana da yawa ya fi daɗewa. Mutum ya jira daƙiƙa 30 ya ga shiru ya kashe, ya sake kunnawa, aunawar ta koma farko, ya sake kashewa, a haka zai wuni yana katse aikin da ya kusa ƙarewa. Dan Allah a kunna a bar ta a ƙalla minti 10 kafin a ce ta ƙi.

Haɗa tsohon ram da sabo ma yana kawo nasa. Ko da girmansu ɗaya gudunsu ɗaya a rubuce, cif ɗin ciki na iya bambanta, kuma in da ma ka kunna XMP ko EXPO, saitin ƙara gudun ram, a BIOS wato furogiram ɗin cikin madabod mai tayar da kwamfuta, madabod zai yi ƙoƙarin tuƙa duka huɗun da gudun da biyu kawai suka saba, sai ya kasa. Maganin wannan shi ne goge saitin BIOS ya koma yadda ya fito daga kamfani. A zare wuta, a cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032 mai volt 3, a bar shi a waje na ƴan mintuna a mayar, ko kuma a haɗa ƙafafu biyun da aka tanada dan haka da bakin sukudireba na ƴan daƙiƙu, a wasu madabod an rubuta CLR_CMOS a wasu JBAT1 a wasu CLRTC. Wannan ba ya goge fayil ko ɗaya a diski, saiti ne kawai da agogo suke komawa baya, kuma ni shawarata duk wanda ya canza furosesa ko ram ya yi shi tun kafin ma matsala ta zo.

Sai babbar magana, wato BIOS da sabon furosesa, nan ne aka fi yi wa madabod ƙazafi. Mutane sun ɗauka in dai furosesa ya zauna a soket to shikenan sun dace, alhali ba haka ba ne. BIOS kamar mai gadi ne da aka ba shi takardar sunayen waɗanda za su shiga, baƙo ya zo sunansa ba ya ciki, ba zai buɗe ƙofa ba komai mutuncin baƙon. AMD ta riƙe soket AM4 shekaru da yawa, madabod B450 ya fito a 2018, Ryzen 3000 ya zo a 2019, Ryzen 5000 kuma a Nuwamba 2020, kaga B450 da aka ƙera a 2018 bai san da zaman 5600X ba sai an sabunta masa BIOS. In ka ɗora shi haka fanka za ta juya, fitilar CPU ta kama ta tsaya, allo baƙi, babu abinda ya ƙone ko kaɗan. Haka abin yake a Intel, madabod H610 da B660 da Z690 an yi su ne dan ƙarni na 12, suna karɓar na 13 da na 14 amma sai da sabon BIOS. Akwai ma wanda ya fi wannan ruɗani, soket LGA1151, furosesa ƙarni na 8 da na 9 zai zauna daram a madabod na ƙarni na 6 da na 7 amma ba zai tashi ba, kuma shi wannan ba sabunta BIOS daga kamfani da zai gyara shi, sai madabod mai jerin 300. Dan haka kafin a sayi komai a shiga shafin kamfanin madabod, a nemo ainihin lambar samfurin har da bugun da aka rubuta a jikinsa, a buɗe jerin furosesan da yake karɓa, a gefen kowanne an rubuta lambar BIOS da ake buƙata.

Daga nan ne nake roƙon kowa, kar ka rabu da tsohon furosesanka sai sabon ya tashi ka gani da idonka. Mutane suna sayar da tsohon dan su cika su sayi sabo, na fahimci dalilin, amma hanyar da ta fi sauƙi ta sabunta BIOS ita ce da tsohon furosesa a ciki, ka sabunta tukunna sannan ka canza. In ka riga ka rabu da shi sai ka duba bayan madabod ko akwai ɗan maɓallin sabunta BIOS ba tare da furosesa ba, Asus suna ce masa USB BIOS Flashback, Gigabyte Q-Flash Plus, MSI kuma Flash BIOS Button. Yadda ake yi, a wata kwamfutar za ka sauke fayil ɗin BIOS, ka sa a filashi da aka yi wa fomat na FAT32, ka canza wa fayil ɗin suna yadda kamfanin ya ce, na MSI yana komawa MSI.ROM, na Gigabyte GIGABYTE.bin, Asus kuma akwai ɗan furogiram da suke haɗowa da shi mai canza sunan da kansa. Sai ka jona wayoyin wuta na madabod, kwamfutar a kashe amma fawa saflai a kunne, ka soka filashin a ramin USB ɗin da aka ware, ba kowane rami ba, ka danna maɓallin, fitila za ta yi ta ƙyaftawa na wasu mintuna, kar ka taɓa komai har ta daina. Nan gaggawa tana iya kashe madabod da gaske, in wuta ta yanke ana tsakiyar rubuta BIOS, dan haka wanda yake da UPS ya jona ta. A kuma karanta bayanin da ke gefen kowane BIOS kafin a sauke, wasu sai an bi ta wani bugu kafin a kai na ƙarshe, wasu kuma na AM4 in an sa su suna daina karɓar tsofaffin furosesa saboda cif ɗin BIOS ɗin ba shi da wurin da zai ɗauki duka.

Wuta ita ce ta gaba. Madabod yana shan wuta ta wuri biyu, babbar waya mai fil 24 da kuma wata mai fil 8 can sama ta hagu kusa da furosesa, wannan ta biyun ana yawan manta ta ko a cire ta dan a samu wurin sa hannu a manta ba a mayar ba, kuma in babu ita fanka za ta iya juyawa amma furosesa bai samu ko ɗigon wuta ba. Shi kuma katin hoto gurbin da yake zama a ciki watt 75 kawai yake iya ba shi, waya mai fil 6 tana ƙara 75, mai fil 8 tana ƙara 150, to in tsohon katinka ƙarami ne da ba ya neman waya, sabon kuma yana da rami biyu, dole duka biyun a cika su, kuma ga kati mai nauyi ya fi kyau kowane rami da wayarsa daban daga fawa saflai. Wayar furosesa da ta katin hoto suna kama da juna amma tsarin wutar cikinsu ba ɗaya ba ne, ta furosesa tana rabuwa 4 da 4, ta kati 6 da 2, galibi ma an rubuta CPU ko PCI-E a kan kowacce. Katunan RTX 40 da suka zo a 2022 da mahaɗi mai fil 16 wanda yake ɗaukar har watt 600, shi wannan sai an tura shi ya shige tsaf babu ko tazara, domin an samu waɗanda suka narke saboda ba su zauna sosai ba.

Gargaɗi biyu a nan da nake so Malam Edita ko za a rage wasiƙar nan dan Allah kar a cire su. Wanda ya canza fawa saflai irin wanda ake zare wayoyinsa, kar ya kuskura ya yi amfani da wayoyin tsohon a jikin sabon, ko da sun shiga, domin ɓangaren da ke shiga jikin fawa saflai babu tsari ɗaya da duk kamfanoni suke bi, har samfuri biyu na kamfani ɗaya suna iya bambanta, wannan yana ƙona diski da kati nan take kuma ba gyara. Na biyu kar wanda ya kwance fawa saflai ya buɗe cikinsa, akwai kafasito masu riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare daga bango. In ana zarginsa a aro wani a gwada. Alamar cewa ya yi wa sabon kati kaɗan yawanci ita ce kwamfuta ta tashi lafiya sai an ɗora mata aiki mai nauyi ta mutu farat ɗaya.

In duk an bi wannan fitilar CPU ko DRAM ba ta mutu ba, sai a cire furosesa a duba ƙafafunsa da haske mai kyau. A AM4 ƙafafun a jikin furosesa suke, guda 1331, kuma sau da yawa in man sanyaya ya bushe, wajen ciro abin sanyayar sai furosesan ya biyo shi ya fizgo daga soket, shi ya sa ake so a ɗan kunna kwamfutar ta yi ɗumi tukunna sannan a murɗa a hankali kafin a ɗaga. A Intel da AM5 ƙafafun a cikin soket suke, sirara ƙwarai, ɗaya in ta lanƙwashe za ka ga wurin yana ƙyalli daban da sauran. Ƙafa ɗaya tana iya kashe gurbin ram biyu. Ɗaure sukurorin abin sanyaya da ƙarfi fiye da kima ko a matse gefe ɗaya ma yana iya jawo irin haka, a sassauta a sake ɗaurewa kusurwa da kusurwa a hankali.

Gwajin ƙarshe kafin a yanke wa kowane kaya hukunci shi ne a fito da madabod daga akwati gaba ɗaya a ɗora a kan kwalinsa, furosesa da abin sanyayarsa, ram ɗaya, fawa saflai, sai kati in furosesan ba shi da hoto, babu diski babu komai, a taɓa ƙafafu biyu na maɓallin kunnawa da sukudireba. In ta nuna hoto a haka to wani abu ne a akwatin, wataƙila sukuro ya faɗa baya ko ɗaya daga ƙafafun tagullar da madabod yake zama a kai yana inda bai kamata ba yana taɓa ƙasan madabod ɗin. Sai a riƙa mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya ana kunnawa har a kama mai laifin. Kuma a kowane mataki abu ɗaya ake canzawa, in ka canza uku lokaci guda ta tashi ba ka san me ya gyara ba, in ba ta tashi ba ma ba ka kawar da zargi daga kan kowa ba. Mayar da tsohon kayan ma gwaji ne mai ƙarfi, in ka mayar ta tashi to madabod ya wanku.

Akwai wani nau'in da ya kamata a ware, inda tambarin kamfani yake fitowa da farko sannan allo ya yi baƙi lokacin da Windows zai buɗe. Wannan kayan ƙarfen sun wuce bincike, yawanci direba ne, wato furogiram ɗin da yake tuƙa katin hoto, musamman in an tashi daga katin AMD zuwa Nvidia ko akasin haka. A fara danna maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B tare, yana sake tayar da direban hoto. In bai yi ba a katse tashin Windows sau biyu ko uku zai kai ka shafin gyara, daga nan ka shiga Safe Mode ka wanke tsohon direba da furogiram ɗin DDU ka sa sabo. Akwai kuma akasinsa, BIOS ba ya nunawa amma Windows yana fitowa, ko kuma mutum ya kashe CSM, saitin BIOS mai karɓar tsofaffin kaya, dan ya kunna saitin tsaro na Secure Boot saboda Windows 11 sai allo ya ɗauke domin katinsa tsoho ne sosai bai san UEFI wato sabon tsarin BIOS ba, wannan goge saitin BIOS zai dawo da shi. Wasu katunan GTX 700 da 900 da 10 suna da matsalar baƙin allo a DisplayPort 1.3 da 1.4 wadda Nvidia ta fitar wa da gyara a 2018, gwada HDMI zai nuna maka ko ita ce. Wanda kuma ya ɗora katinsa a tsaye da wayar ƙari ta PCIe 3.0 alhali kati da madabod na 4.0 ne, ya soka katin kai tsaye ya shiga BIOS ya mayar da gurbin Gen3 wato 3.0. Wani abu kuma da bai shafi hoto ba amma yana zuwa a daidai wannan lokacin, bayan canza furosesa na AMD saƙo yana iya fitowa yana tambaya ko a goge fTPM, wato TPM ɗin da ke cikin furosesa, wanda diskinsa yake kulle da BitLocker ya tabbata lambobin nan 48 na buɗewa suna hannunsa kafin ya amsa, in ba haka ba hoto ya dawo amma fayilolinsa sun kulle.

Ba ina cewa kaya ba sa mutuwa ba ne, suna mutuwa, sabo ma yana iya zuwa a mace daga kamfani, kuma wanda ya bi matakan nan ya kama shi yana da hujjar da zai mayar da shi da ita. Masu gyara da yawa ma suna da ilimi da amana, ina girmama su. Roƙona gare su shi ne in an kawo musu irin wannan su gwada a gaban mai kaya, su nuna masa fitilar da ta tsaya, su gaya masa dalili, domin madabod da ake jefarwa saboda BIOS kawai ko ram da bai zauna ba haƙƙin mutum ne ake tauyewa ko da ba da gangan ba.

Ku kuma Malam Edita ina roƙon ku ware ɗan gurbi ko da sau ɗaya a wata inda masu karatu za su aiko da matsalolin kwamfuta a amsa musu da Hausa, kuma a sharɗanta wa mai tambaya ya rubuto sunan madabod da lambarsa, furosesa na da da na yanzu, irin ram da gurbin da ya sa shi, watt nawa fawa saflai yake, wace fitila ce ta tsaya, da kuma ko tambarin kamfani yana fitowa ko ba ya fitowa. Da waɗannan bayanan mai amsa zai iya nuna masa inda zai fara dubawa tun kafin ya sayi wani sabon abu.

Na gode da wannan dama, Allah ya ƙara ɗaukaka jaridar.

Naku,
Wani mai karatunku a kullum